Batirin Sakatariya

Kwamfuta ɗaya. Caja, an naɗe wayarta da roba. Tawul biyu wankakku, sabulu, da katin ofishin da ba ta leƙa ba tun da aka kwantar da Baba. Abin da ke cikin jakar ke nan. Jakar kuma tana kan cinyar Auta, ta rungume ta da hannu biyu, don bas ɗin ya cika har bakin ƙofa.

“Anti, matsa kaɗan,” in ji kwandasta. “Jaririn naki ba zai faɗi ba.”

Ta matsa. Ba ta yi dariya ba.

Bas ɗin asibiti ne ya fara zuwa tasha ɗazu. Ta bar shi ya wuce. Wannan na kasuwar kayan lantarki ne.

Baba rafali ne a da, kuma malamin wasanni a makaranta. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye maganarsa ta ɗauke, kansa kuma ya kama rawa, rawar da ba ta tsayawa sai ya yi barci, har ba mai iya bambance i ɗinsa da a'arsa. Alƙalami ba ya zama a hannunsa. An gwada rubuta masa haruffa a kwali ya riƙa nunawa, yatsan ya yi ta yawo tsakanin harafi uku. Amma in ya dafa tafin hannunsa na hagu a gefen kwamfuta, yatsa ɗaya yakan sauka inda ya nufa. Sai ya rubuta, ya danna babban maɓalli, muryar wata baƙuwar mace ta karanta, tana murɗe kalmomin kamar wadda ta cika bakinta da shayi mai zafi. Baba ne da kansa ya raɗa mata suna Sakatariya.

A gida kullum a jone take da wuta. A asibiti soket ɗaya ne a gefen gado, injin ƙarin ruwa ya riƙe shi, Sista kuma ta ce duk wanda ya taɓa shi zai gamu da ita. Nan bakin Baba ya koma kan batiri.

Jiya da yamma likita ya ɗaga bandejin ƙafar dama, ya duba, ya mayar. Ciwon suga ya cinye yatsun, baƙin yana hawa. Ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba abin zai shiga jini. Da ya ce haka Baba yake kallo, ba 'ya'yansa ba.

“Hankalinka garau yake, Malam. Gobe da yamma zan dawo. In ka faɗa da kanka, maganarka zan bi. In kuma ba hali, babban ɗanka ya sa hannu.”

Yana fita Yaya, babban ɗan, ya koma bakin taga yana waya. Baba ya ɗaga yatsa. Auta ta jawo teburin cin abinci ta ɗora masa kwamfutar. Ya daɗe yana neman haruffan, ita kuma tana tsaye a bayansa tana karantawa ɗaya bayan ɗaya.

KADA KU YAN

Allon ya yi baƙi. A kusurwa, kafin ya ɗauke, batirin yana cewa saura kashi arba'in.

“Me ya ce?” Yaya ya tambaya, wayar tana kafaɗarsa.

“Bai gama ba. Ta mutu.”

Ba ƙarya ta yi ba. Lokacin ziyara ya ƙare, ta tafi da kwamfutar gida ta sa a caji. Da safe ta cika taf. Da ta hau bas ɗin farko, da yanzu Baba ya ƙarasa kalmarsa. Ta san haka tun tana ɗaura takalmi.

Shagon mai gyaran yana hawa na biyu, a lungun da ba ya ganin rana. Faɗinsa bai wuce na kabad ba. Matattun alluna jere a kan kanta, kwali cike da cajojin da ba su da masu su, warin dalma da na ƙonanniyar roba. Mai shagon ƙato ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Injiniya kowa ke ce masa a lungun.

Ya ji bayaninta, ya kifa kwamfutar ya shafa bayanta ya ji ko ta kumbura, ya kunna, ya shiga nan ya fita can.

“Batirin bai mutu ba. Ya dai tsufa, kamar ni. Lissafinsa ne ya rikice. Kullum a jone take, ko?”

“Kullum.”

“Ai shi ne. Ba ta taɓa ganin ƙarshenta ba, ina za ta san inda yake? Tana ce miki saura arba'in, alhali tankin ya bushe.”

“Za a canja ne?”

“Irin nata sai an yi oda, kuma ban ga dalili ba. Hanya biyu ce, Anti. In kina sauri, ɗauki abarki yanzu, a cike take. Ki dai sa mata ido: da ta sauko sittin, ki ɗauka ta kusa tafiya. Za ta yi miki aiki mai ɗan dama kafin nan. In kuma gyaran gaske kike so, sai mu zuƙe ta tas har ta mutu da kanta. Mu bar ta ta huce, ba mai taɓa ta. Sannan a sa ta a caji, ba cirewa, ba kunnawa, har ta cika. Daga nan ta ga samanta ta ga ƙasanta, ta daina yi miki ƙarya. Ba zai ƙara mata ƙarfi ba fa, kada ki dawo ki ce na cuce ki. Gaskiya kawai za ta riƙa faɗa.”

“Yaushe za a gama?”

“Sai gobe.”

Auta ta dubi kwamfutar. A gefen hagu, inda tafin hannun Baba ke zama, fentin ya goge har ya yi sheƙi.

“A yi na gasken.”

“Ba kya sauri?”

“Ba na sauri.”

Ya tura mata benci da ƙafa. Ya hana kwamfutar barci, ya ƙure hasken allon, ya cire duk wani abin da zai sa ta tattala wuta.

“Yanzu sai mu ba ta aikin wahala. Fim gare ku a ciki? Waƙa?”

“Babu.”

“Kwamfuta ba fim? Ta liman ce?” Ya yi ta lalube. “Wannan fa, mai hoton baki?”

Kafin ta ce wani abu ya buɗe. A gefen allon akwai jerin maganganun da Baba ya adana don kada ya sha wahalar sake rubuta su kullum. Injiniya ya zaɓe su duka, ya sa su yi ta maimaituwa, ya ƙure sauti.

“Ruwa,” in ji Sakatariya. “Juya ni. Kashe fanka. Kunna fanka. Wa ya ci wasa? Na gode.”

Maƙwabcinsa mai sayar da waya ya leƙo. “Injiniya, ka yi baƙuwa ne ba ka gaya mana ba? Kai, ji Hausa kamar ana taka ta da mota!”

“Ƙarya kake,” in ji Sakatariya.

Lungun ya kwashe da dariya. Mai waya ya dafe ƙirji. “Ni? Daga zuwa gaisuwa?”

“Wannan ba fanariti ba ce. Bayi. Bayi da sauri. Akwai zafi. Auta, je ki kwanta.”

Dariyar Injiniya ta tsaya a rabi. Ya sauke tabaran goshinsa a kan na idonsa, ya gane kuskure ne, ya mayar. Ya kai hannu zai rage sautin.

“Ta waye?”

“Ta babana. Da ita yake magana.”

“Subhanallahi. Yana ina yanzu?”

“Asibiti.”

Injiniya ya dube ta. Mai waya ya janye kansa ya koma shagonsa.

“Allah ya ba shi lafiya,” in ji Injiniya. “Bari in nemo mata wani aikin.”

“Bar shi. Ai yana cin wuta, ko?”

“Yana ci.”

“To bar shi.”

Ya rage sautin kaɗan ya juya kan wata waya da ya farke. Bai sake yi mata magana ba sai da ya aika aka kawo mata ruwan sanyi.

Ta zauna tana kallon lambar da ke kusurwa tana sauka. “Ƙarya kake” na Yaya ne, ranar da ya ce likita ya hana Baba kallon ƙwallo. “Auta, je ki kwanta” kuwa bai taɓa danna shi sau ɗaya ba, sai ya jera shi sau uku, kamar busa usur.

Tana ƙarama takan zauna a gefen fili riƙe da gorar ruwansa, tana kallonsa yana gudu da baya, usur a baki, ƙwaurinsa kamar an sassaƙa. Samari 'yan shekara ashirin suna haki, shi ko gumi bai gama tsattsafo masa ba. Bayan ya kwanta ma bai yarda a bar shi ba takalmi ba. Kowace safiya sai an sa masa safa, an sa takalman, an ɗaure igiya, ƙafa biyu, sannan ya wuni a kujera ba inda za shi. Sai da yatsun suka kumbura takalmin ya ƙi shiga aka daina. Ranar bai taɓa kwamfutar ba har dare.

Ta san duk wannan. Ta kuma san abin da likita ke nufi da “shiga jini”. Ta binciki kanta ta ga ko gajiya ce ke yi mata magana, don ta gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa. Amma in da gajiya ce, ai da ta bar shi ya faɗi abin da yake so a gama. So take ya rayu. Wannan ya ɗan kwantar mata da hankali, har zuwa lokacin da Sakatariya ta sake zagayowa kan “Akwai zafi”.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya. Ta fita bakin matakala.

“Ina kika shiga? Tun safe yake buga yatsa a kan tebur. Matar na kusa da mu har ta ce ko ganga yake koyo.”

“Ina wurin gyara.”

“Sun gyara?”

“Sai gobe. Wai sai an zuƙe batirin tas, a bar shi ya huce.”

Tana jin ƙarar keken magani yana wucewa ta can ɓangarensa.

“Sai gobe,” ya maimaita.

“Haka mai gyaran ya ce.”

“To. Ai shi ya san aikinsa.” Ya yi gyaran murya. “Kada ki takura masa, Auta. A bar shi ya yi abin yadda ya kamata.”

“Ban takura masa ba.”

“Madalla. Ki zo dai kafin likita. Ba na son in tsaya ni kaɗai.”

Tun suna yara ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba sai yau. Ta daɗe tsaye tana kallon wayar bayan ya kashe.

Lambar ta sauka sittin, ta sauka hamsin. Rana ta juya, ko da yake a lungun ba a gani, sai dai masu abinci da suka fara zagayawa da kwanuka. Ba ta saya ba. Tana kallo ta kai arba'in da 'yan kai.

“Kunna fanka. Wa ya ci wasa? Na go—”

Baƙi.

“Kin gani?” in ji Injiniya. “Arba'in ɗin ƙarya.” Ya sake danna maɓallin kunnawa yana bubbuga wani a sama, wani shuɗin allo mai rubutu zalla ya fito. “Akwai ɗan saura a gindin tukunya. Nan ba ta da wayon kashe kanta, sai ta ƙare da gaske.”

Shuɗin allon bai daɗe ba. Ya dushe, fankar ciki ta yi wani ɗan nishi ta tsaya. Ya danna, ya sake dannawa. Ko ƙyaftawa.

“Shi ke nan. Bar ta nan ta huce, kafin in rufe shago in jona ta, gobe ki zo ki ɗauka.”

Ya jawo ta zai ɗora a kan kanta, cikin sauran. Auta ta miƙe.

“Ba ni. Zan yi cajin a gida.”

“Akwai wuta tsayayya a wajenku? In aka ɗauke a tsakiya—”

“Akwai.”

Ba ta san dalilin da ya sa ta karɓa ba. Ta ce wa kanta Baba ba ya son kayansa su kwana a hannun mutane. Injiniya ya naɗe mata cajar, ya mayar da robar yadda ya same ta.

“Kada ki jona ta da zafinta. In kika jona kika kunna, ba abin da zai lalace, amma zaman da kika yi yau ya tashi a banza.”

“Na ji.”

“Ki gaishe da tsohon. Ki ce mai waya ya ce ba ƙarya yake ba.”

Ɗakin marasa lafiya dogo ne, gadaje layi biyu, labule a tsakaninsu wanda ba ya rufuwa duka. Tun daga ƙofa ta ji warin ƙafar, ƙarƙashin warin maganin goge ƙasa. Jiya sai an matso ake jinsa.

Yaya yana zaune a bakin gado da kayan aikinsa a jiki, bai je gida ya canja ba. Ya aske wa Baba gemu, ya ɗan yanke shi a haɓa. Teburin cin abinci yana gaban Baba, ba komai a kai, tafin hannunsa dafe a gefen hagu, yatsan yana sauka a kan katako. Ba bugu ba ne irin na mai kira. Nan yake taɓawa, ya ɗaga, ya nemi can, ya taɓa, kamar maɓallan kwamfutar ne a gabansa. Auta ta kawar da kai don kada ta karanta.

“Sannu, Baba. Ya jiki?”

Idonsa ya bar fuskarta ya sauka kan jakar. Ta ciro tawul da sabulu ta sa a loka, ta ja zif ta rufe, ta mayar da jakar bayanta.

Likita ya zo da Sista, yana goge hannu. Ya ɗaga bandejin, bai daɗe ba ya mayar.

“Ya ƙara hawa. Malam, ina sakatariyar taka yau?”

“Tana wurin gyara, likita,” in ji Yaya. “Sai gobe.”

“Gobe ta yi nisa.” Ya sunkuya daidai fuskar Baba, ya ɗaga murya kamar yadda kowa ke yi, ko da yake kunnen Baba lafiyarsa ƙalau. “Malam, ka yarda a yi aikin?”

Kan Baba ya yi rawarsa, gefe da gefe, sama da ƙasa.

“Matsa hannuna in ka yarda.”

Hannun ya matsa, ya saki, ya matsa, yana karkarwa. Likita ya miƙe ya yi ajiyar zuciya.

“Ba zan iya cewa na ji komai ba. Kai ne babba?”

“Ni ne.”

Ya miƙa wa Yaya takarda da biro. Daga nan maganar ta koma saman gadon, tsakanin mutum biyu masu tsaye: kada a ba shi abinci daga yanzu, za a nemi jini, za a shiga da shi da wuri. Sista ta yaye zanen, ta cire murfin alƙalaminta da haƙori, ta ja shuɗin layi a fatar, ɗan ƙasa da gwiwa. Hannunta bai karkace ba.

Yatsan Baba ya tsaya.

Bai dubi likita ba, bai dubi Yaya ba. Auta ya duba, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa mutum don a tabbatar shi ne. Sannan ya ja hannun da kansa, a hankali, har ya zame daga kan teburin ya faɗi a katifa. Ya rufe ido.

Yaya ya dafa takardar a kan loka yana neman inda ake sa hannu.

“Tana nan,” in ji Auta.

Ba wanda ya gane. Ta jawo jakar gaba ta buɗe zif.

“Kwamfutar. Tana nan. Batirin ne ba komai a ciki. In aka jona za ta yi.”

“Auta,” in ji Yaya, ƙasa-ƙasa.

“Ba dai a soket ɗina ba,” in ji Sista.

Likita ya dubi Yaya, ya dubi Auta. Ya zare takardar daga ƙarƙashin hannun Yaya.

“Dama ba maganar gaban jama'a ba ce. A tura shi ɗakin wankin ciwo. Akwai soket a can.”

Ɗakin ƙarami ne, a ƙarshen layin gadajen. Famfo, kwandon shara mai murfi, tire cike da almakashi da auduga. Gadon ya cinye rabin wurin. Auta ta durƙusa ta cire butar lantarkin ma'aikata ta jona cajar. Kwamfutar da sauran ɗuminta. Ta danna. Ba abin da ya faru, sai wata 'yar fitila ja da ta fara ƙyaftawa a gefe.

“Sai ta ɗan sha wuta,” ta ce.

Suka tsaya jira. Likita ya jingina da bango ya harɗe hannu. Yaya ya ja ta kusurwar famfo, ko da yake a ɗakin ba inda magana za ta ɓuya.

“Kin san abin da zai ce.”

“Na sani.”

“Tun jiya kika sani.”

“Kai ma.”

“To me ya canja daga safe zuwa yanzu? Ke kika ce min sai gobe. Da bakinki.”

“Ba abin da ya canja. Har yanzu so nake a yanke.”

“To?”

“To ƙafata ce?”

“Ubanki ne!” Ya goge fuska da hannun riga. “Ni nake ɗaukarsa in kai shi wanka. Na san nauyinsa. Kullum raguwa yake, Auta. Da ƙafa ɗaya zan ci gaba da ɗaukarsa, wallahi ko shekara nawa ne. Kashe shi za ki yi.”

Fankar kwamfutar ta motsa, allon ya kawo haske.

Ta ɗora ta a kan teburin, ta ɗauki hannun Baba ta dafa shi a gefen hagu. Bai buɗe ido nan da nan ba. Da ya buɗe, ya daɗe yana kallon maɓallan kafin yatsan ya tashi. Ba ta tsaya a bayansa ba wannan karon. Ta koma ƙafar gado, inda ba a ganin allon.

Ya danna babban maɓallin.

“Kin daɗe,” in ji Sakatariya.

Dariya ta kuɓuce wa Sista, ta toshe baki. Auta ta sunkuyar da kai.

“Na daɗe, Baba.”

Yatsan ya koma aiki. Ba mai motsi. Famfon yana ɗiga.

“Kada ku yanke.”

Likita ya jawo kujera ya zauna, kansa daidai da na Baba. Wannan karon bai ɗaga murya ba. Ya gaya masa yadda abin zai tafi: zazzaɓi, zafin da magani zai rage amma ba zai kashe ba, wari, ruɗewa. Ya ce ba zai ɓoye masa ba, ƙarshen hanyar nan mutuwa ce, kuma ba mai nisa ba. Ya ce da ƙafa ɗaya mutane suna shekaru. Ya tambaye shi ko ya fahimta.

“Na ji.”

Sannan, bayan wani dogon nema:

“Gida.”

Yaya ya zube a kan gwiwoyinsa a gefen gadon, ya kama hannun da ya shanye ya manna a goshinsa. “Baba, don Allah. Don Allah, Baba. Ka dubi jikokinka, ƙaramin ko saninka bai gama yi ba. Ban taɓa roƙonka komai ba.”

Baba ya karkato ido ya dube shi. Ya daɗe. Ruwa ya taru a idon da ba ya rufuwa sosai, amma dama kullum yana taruwa. Yatsan ya sake tashi.

“Tashi. Ƙasa da datti.”

Yaya ya tashi. Ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yaron da aka tsawata wa. Ya ajiye biron likita a kan tire, cikin almakasai. Bai dubi Auta ba. Ya fita ya bar ƙofar a buɗe, suna jin takunsa har ƙarshen ɗakin.

“Zan sake tambayarka da safe, Malam,” in ji likita. “Kana da damar canja magana ko yaushe. In ba ka canja ba, zan rubuta maganin zafi in sallame ku.” Ya tsaya kusa da Auta. “Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ki nemi ɗan'uwanki.”

Ya fita shi ma. Ta ƙofar ana hango masu jinya biyu sun miƙo wuya daga bayan labule. Sista ta jiƙa auduga ta fara goge shuɗin layin. Bai fita duka ba.

Auta ta je ta rufe ƙofar. Ta naɗe hannun rigarta, ta buɗe famfo.

“Kwance bandejin, Sista. Nuna min yadda ake wanke ta. Gida zan kai shi.”